Begen Wasannin 'Yan Tsana na Talabijin: Daga Rigar Ɗan Dabo Zuwa Shirin Sesame Street

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A duk lokacin da mutanen da suka yi ƙuruciya tsakanin shekarun 1975 da 1990 suka zauna hira, da wuya a tashi ba a tabo zancen akwatin talabijin na wancan zamani ba. Daga cikin abubuwan da aka fi tunawa akwai wasannin 'yan tsana masu magana, irin su wani ƙaton tsuntsu rawaya, da wani kwaɗo kore mai ɗaukar labarai, da wani dodo shuɗi wanda ba ya ƙoshi da biskit. Waɗanda suka kalli waɗannan abubuwa suna yara, a yau su ne shugabannin makarantu da iyaye, wasu ma har da jikoki.

Wannan maƙala za ta yi bayanin inda waɗannan wasanni suka samo asali, da yadda ake shirya su, da dalilin da ya sa suka zauna a zukatan yara. Za a ɗauki shirin Sesame Street na ƙasar Amurka a matsayin misali, domin yana cikin waɗanda aka fi sani a gidajen talabijin na Nijeriya. Haka kuma za a nuna cewa hikimar da shirin ya ginu a kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da Barno.

2.0 Wasan 'Yan Tsana Kafin Zuwan Talabijin

Bahaushe ya san 'yar tsana tun kaka da kakanni. 'Yan mata kan yi ta da kara ko ƙashi ko tsumma, su yi mata kitso da ado, har su shirya mata biki da gara kamar na gaske. A wannan wasa yarinya ce take magana a madadin 'yar tsanarta, kowa kuma yana ganin bakinta. Wasan da ake magana a kansa a nan ya ɗara wannan, domin mai wasan ɓuya yake yi, a bar 'yar tsana ita kaɗai a gaban jama'a tana motsi tana magana kamar mai rai.

Irin wannan shi ne aikin wasu daga cikin 'yan dabo. A ƙasar Hausa ana kiran wasan dabo-dabo, a yankin Damagaram kuma 'yan tsanar ana ce musu ɗiyan dabo, su kuwa Barebari suna ce wa wasan dogodogo. Turawan mulkin mallaka sun tarar da shi, har sun rubuta bayaninsa: an buga wani a mujallar Man ta Ingila a 1910, wani kuma a mujallar Nigerian Field a 1935, dukkansu a kan abin da aka gani a Barno. Mai wasan kan kafa sanduna, ya lulluɓa musu babbar riga ta zama kamar 'yar bukka, ya shige ciki. Sai ya zura hannunsa cikin 'yar tsana ya fito da ita ta wuyan rigar. A bakinsa akwai wani ɗan abu da ake haɗawa da ɓawon ƙwan jimina, wanda yake sirantar da murya ta koma kamar ba ta ɗan'adam ba. A waje kuma akwai makaɗa da abokin wasa mai amsa wa 'yan tsanar, yana kuma fayyace wa jama'a abin da suka ce. Labaran gajeru ne, a kan ɓarawo, ko budurwa mai yaudarar samari, ko wani mai riƙe da sarauta.

Abin lura a nan shi ne, ɗan dabo yana iya sa 'yar tsanarsa ta faɗi maganar da shi kansa ba zai iya faɗa da bakinsa a bainar jama'a ba. Ba mai kai tsumma ƙara wurin alƙali. Wannan dama ce irin wadda al'ada ta ba 'yan kama da 'yan tashe, wato a faɗi gaskiya cikin raha, wanda abin ya shafa ya yi dariya tare da kowa, amma ya tafi gida da saƙon.

3.0 Zuwan Talabijin da Lokacin Kallon Yara

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. Na Kaduna ya biyo baya a 1962, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa. Gidan talabijin na Jos ne ya fara nuna hoto mai launi a 1975. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar talabijin ta ƙasa, wadda aka sani da NTA, ta haɗe gidajen da ke akwai a ƙarƙashinta. Bayan komawa mulkin farar hula a 1979 jihohi suka sami damar buɗe nasu, kamar CTV ta Kano da aka kafa a zamanin gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, wadda a yanzu take ɗauke da sunansa.

A wancan lokaci ba a kwana ana watsa shirye-shirye. A ranakun aiki tasha kan buɗe ne da misalin ƙarfe 4 na yamma, kuma sa'o'in farko na yara ne. Akwatunan ba su da yawa, galibi kuma marasa launi ne. Saboda haka gida ɗaya a unguwa shi yake ɗaukar yaran layi gaba ɗaya. A tuɓe takalma a ƙofar ɗaki, ƙanana su zauna gaba a kan tabarma, manya a baya, waɗanda ba su sami wuri ba su leƙa ta taga. Wani ya taso daga makarantar allo da gudu, wata ta zo da goyon ƙaninta. Da an kira magariba taro ya watse.

Manya suna da wasanninsu na Hausa, irin su Samanja da Karkuzu da wasannin Ƙasimu Yero. Amma kaso mai yawa na lokacin yara da shirye-shiryen da aka sayo daga waje ake cike shi, domin sayen shirin da aka riga aka gama ya fi shirya sabo araha. Ta wannan hanya Sesame Street ya shigo, tare da ɗan'uwansa The Muppet Show, wanda aka shirya a Ingila daga 1976 zuwa 1981, kashi 120.

4.0 Asalin Shirin Sesame Street

An fara nuna Sesame Street a Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969. Mutum biyu ne suka assasa shi: Joan Ganz Cooney, mai shirya shirye-shiryen talabijin, da Lloyd Morrisett, masanin halayyar ɗan'adam da ke aiki a gidauniyar Carnegie. Tun a 1966 suka fara tattauna wata matsala da ta dame su. 'Ya'yan talakawa, musamman baƙaƙen fata na cikin manyan birane, suna shiga aji ɗaya ba su san baƙi ko ƙidaya ba, alhali 'ya'yan masu hali sun riga sun koya a makarantun rainon yara. Amma dukkan yaran nan sun haddace waƙoƙin tallar da ake yi a talabijin. Tambayar da suka yi ita ce, in har akwatin nan zai iya cusa wa yaro sunan sabulu, me zai hana ya cusa masa baƙaƙe da lambobi?

An tara dala miliyan 8 daga gwamnatin Amurka da gidauniyoyin Carnegie da Ford. Aka haɗa malaman jami'a, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Gerald Lesser na Jami'ar Harvard, da marubuta da mawaƙa, aka tsara manhaja kamar ta makaranta. Kowane ɗan gutsuren wasa yana da abin da ake so yaro ya koya daga gare shi. An kuma gina dandalin wasan ya yi kama da layin talakawa na birnin Niyok, da kanti da matakalar gida da garwar shara, domin yaran da aka yi abin dominsu su ga irin unguwarsu. Sunan shirin, in an juya shi, Titin Riɗi ke nan, kuma an ɗauko shi ne daga kalmar da Ali Baba yake buɗe kogon dukiya da ita a hikayar Ali Baba da ɓarayi arba'in.

4.1 Jim Henson da Sabuwar Dabara

Wanda ya kawo 'yan tsanar shi ne Jim Henson, wanda aka haifa a 1936 ya rasu a 1990. A 1955 ya ɗinka Kermit, wanda daga baya ya zama kwaɗon da aka sani, da tsohuwar rigar sanyin mahaifiyarsa, ya raba ƙwallon tebur biyu ya yi masa idanu. Kafin Henson, yawancin 'yan tsanar talabijin na itace ne, fuskarsu ba ta motsi, kuma ana nuna su ne a cikin wani ɗan akwatin wasa. Shi sai ya yi nasa da ƙyalle da soso, yadda ɗan motsin yatsa zai sa fuska ta nuna mamaki ko fushi ko kunya. Sa'annan ya yar da akwatin wasan, ya bar gefen hoton talabijin ya zama shi ne labule. Mai wasa yana tsaye ko a durƙushe ƙasa da inda kyamara take gani, hannunsa a sama, idonsa a kan wata ƙaramar talabijin da ke nuna masa abin da mai kallo yake gani. Hannun dama yana cikin baki, na hagu yana juya hannuwan 'yar tsana da siraran ƙarafa. Wasu, irin su Ernie da dodon biskit, sai mutum biyu suke iya motsa su.

Mafi wahala shi ne ƙaton tsuntsun nan, Big Bird, mai tsawon ƙafa 8 da inci 2. Mutum ne yake shiga cikinsa gaba ɗaya, ya miƙe hannun dama sama da kansa yana riƙe da kan tsuntsun, ba ya ganin waje sai ta wata 'yar talabijin da aka ɗaura masa a ƙirji. Caroll Spinney ya yi wannan aiki daga 1969 har 2018, ya rasu a 2019. Duk wanda ya kwatanta wannan da ɗan dabo a cikin rigarsa zai ga sana'a ɗaya ce, kayan aiki ne kawai suka bambanta.

4.2 Gwajin da Ya Canza Tsarin Shirin

Ba a fitar da shirin ba sai da aka gwada shi a kan yara. Akan zaunar da yaro gaban talabijin, a gefe kuma a riƙa haska wasu hotuna masu ɗauke hankali, ana lura da lokacin da ya kau da kai daga shirin. Da farko masana sun ba da shawarar kada a haɗa mutane da 'yan tsana a wuri guda, don gudun kada yara su rikita gaskiya da almara. Da aka yi gwaji a birnin Filadalfiya cikin Yulin 1969, sai aka ga da zarar 'yan tsana sun ɓace an bar mutane su kaɗai, hankalin yara ya tafi. Sai aka ajiye shawarar masanan, aka sa Big Bird da Oscar, mai zama cikin garwar shara, su zauna a layin tare da mutane.

Daga nan aka sami tsarin da ya riƙe shirin. Big Bird, duk da girmansa, an ɗauke shi yaro ne ɗan shekara 6. Shi yake yin tambayar da yaro yake jin nauyin yi, shi yake kuskure, babba kuma ya gyara masa ba tare da tsawa ba. Yaron da ke kallo yakan riga tsuntsun gano amsa, ya faɗe ta da ƙarfi. Malamin firamare ya san darajar wannan, domin yaron da ya ji ya fi wani sani ba ya mance abin da ya sani ɗin.

5.0 Abin da 'Yar Tsana Take Iya Faɗi

Misalai biyu sun isa su nuna cewa aikin 'yan tsanar nan ya wuce baƙi da ƙidaya. A Disambar 1982 Will Lee, dattijon da ke fitowa a matsayin Mista Hooper mai kanti, ya rasu. Masu shirin suna iya cewa ya yi tafiya, ko su kawo wani a madadinsa. Sai suka zaɓi su gaya wa yara gaskiya. A shirin ranar 24 ga Nuwamba, 1983, Big Bird ya zana hotunan manyan layin yana raba musu, ya riƙe na mai kanti yana jiran ya dawo ya ba shi. Manyan suka zaunar da shi suka fahimtar da shi cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, suka kuma tabbatar masa cewa akwai masu ci gaba da kula da shi. An sa shirin a ranar hutu da gangan, domin iyaye su kasance a gida su amsa tambayoyin 'ya'yansu.

Misali na biyu daga Afirka ta Kudu yake. A 2002 shirin ƙasar, Takalani Sesame, ya fito da Kami, marainiya 'yar shekara 5 mai ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. A lokacin ana ƙyamar masu cutar, ana hana yara wasa da su. Da wuya a sami iyayen da za su yarda a nuna ɗansu a wannan hali, amma 'yar tsana ba ta da dangin da za a yi wa gori. Yara suka ga ana rungumarta ana cin abinci da ita, ba abin da ya sami kowa.

6.0 Matsalar Harshe

Duk da wannan, wajibi ne a faɗi inda shirin ya gaza a wurinmu. An tsara shi ne don yaron Amurka. Yaron Kano ko Gusau da ke zaune a kan tabarma ba ya jin Ingilishin da ake yi, balle barkwancin da ke cikinsa. Abin da ya samu shi ne ƙidaya, da siffar baƙaƙe, da kiɗa, da dariyar faɗuwa da tashi. Hatta baƙin ƙarshe na abacada, yadda Amurkawa suke kiransa daban yake da yadda malaminsa yake koya masa a aji.

Wasu ƙasashe sun gane wannan da wuri, suka shirya nasu. Meziko da Birazil sun fara a 1972, Jamus a 1973. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun haɗa kai suka shirya Iftah Ya Simsim a Kuwaiti a 1979, da Larabcin littafi mai sauƙi, da 'yan tsanarsu na kansu irin su Nu'uman da Malsun. Nijeriya ba ta sami nata ba sai a 2011, lokacin da NTA ta fara nuna Sesame Square, inda Kami ta haɗu da Zobi, direban tasi mai son doya. Daga baya aka juya shi zuwa Hausa da sunan Dandalin Sesame. Wato shekara 42 ke nan tsakanin farkon shirin a Amurka da samun na gida, kuma a tsawon wannan lokaci wasan dabo, wanda da shi ya kamata a ɗora, sai ƙara ja da baya yake yi.

7.0 Mene ne Ainihin Abin da Ake Bege?

In aka tambayi masu begen nan abin da Big Bird ya ce a rana kaza, kaɗan ne za su tuna. Abin da suke tunawa shi ne gidan da ake kallo, da wanda yake zama kusa da su, da ihun da ake yi in an ɗauke wuta ana tsakiyar shiri. Za a iya kasa abin da ake bege gida uku.

Na farko, kallo ne na taro. Akwai yayye masu fassara wa ƙanne, akwai matar gida da ke leƙowa tana tsawatarwa, gobe kuma a maimaita wasan a filin makaranta. Na biyu, abin yana da lokaci. Ana jiransa, yana ƙarewa, yaro ya tashi ya yi wani abu. Na uku, abu ne da hannu ya yi. Yaro yana ganin ɗinki da gashin ƙyalle, yana jin cewa akwai mutum a ciki, shi ya sa da yawa suka koma gida suka zura hannu a safa suka gwada. Yaron yau da ke riƙe da wayar mahaifiyarsa yana da shirye-shirye fiye da yadda zai iya ƙirgawa, wasunsu ma da Hausa, amma sau da yawa shi kaɗai yake kallo, ba mai fassara, kuma ba magaribar da za ta tashe shi.

8.0 Abin da Malamai da Dattawa Za Su Iya Yi

Tsohuwar zuma da ita ake magani. Malamin aji ɗaya zuwa uku ba ya bukatar wutar lantarki kafin ya yi amfani da wannan hikima. Tsohuwar safa da maɓallai biyu sun isa, ko ludayi da tsumma, teburin malami kuma ya zama labule. Taurarin wasa suna nan cikin tatsuniyoyinmu: Gizo da wayonsa, Ƙoƙi da haƙurinta, Kura da kwaɗayinta. Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Wasa ya zama gajere, kamar minti 5. Ya ɗauki darasi ɗaya tak. 'Yar tsana ce za ta yi kuskure, yara su gyara mata, misali Gizo ya ƙirga goro 7 ya ce 9 ne. Sa'annan kowace 'yar tsana ta riƙe halinta da muryarta, kada su canza daga mako zuwa mako. Yaron da ba ya iya buɗe baki a gaban malam, sau da yawa yakan amsa wa Gizo.

Su kuwa dattawa, aikinsu ya fi gaggawa. Duk wanda ya taɓa ganin wasan dabo a kasuwa ko a ƙofar fada yana riƙe da abin da ba ya cikin littafi: sunayen 'yan tsanar, da irin kiɗan, da labaran da ake yi. Ya kamata a zaunar da irin waɗannan mutane a ɗauki muryarsu, ko da wayar hannu ce. Ko abin da aka ɗauka a faifai yana iya salwanta, kamar yadda aka kwashe faya-fayen Iftah Ya Simsim da rigar Nu'uman a lokacin da Iraƙi ta mamaye Kuwaiti a 1990, balle abin da yake cikin ƙwaƙwalwar tsoho kaɗai.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi bayanin wasan 'yan tsana tun daga rigar ɗan dabo har zuwa shirin Sesame Street, da yadda aka gina shirin a kan manhaja da gwaji, da inda ya amfani yaranmu da inda harshe ya tauye shi. An ga cewa Amurkawa sun ɗauki wata tsohuwar sana'a, irin wadda mu ma muke da ita, suka sa mata kuɗi da bincike suka mayar da ita makaranta. Waɗanda suka zauna a kan tabarma suka kalla a wancan lokaci, su ne a yau suke riƙe da alli da ragamar makarantu, don haka su ne suka fi cancanta su mayar da 'yar tsana cikin aji, ta yi wa yara magana da harshen da suke ji.